ƘAFA BA TA KOYON TAFIYA A ZAUNE

Babu wanda ya ke tuna ranar da ya koyi tafiya. Iyayenmu ne suka riƙe mana hannu suna yi mana ta-ta-ta, muka faɗi, muka tashi, har ƙafa ta saba. Daga nan ba mu ƙara tunani a kanta ba. Mace ta kan ɗauki tulu a ka, da goyo a baya, tana tafe tana hira, ba ta san irin aikin da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su ke yi ba kafin a ɗaga ƙafa ɗaya a aje. Amma akwai gidaje da yawa a ƙasarmu inda babban mutum mai furfura ya ke sake koyon tafiya daga fari, sabili da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Gidanmu yana ɗaya daga cikinsu. Domin masu jinya irina na rubuta wannan, gama abin da muka koya da wahala bai kamata wani ya sake sayensa da tsada ba.

ABIN DA YA SAMI MAIGIDA

Maigidana malamin makaranta ne. A damunar 2021, yana da shekara 58, ciwon ya same shi. Hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama suka saki, bakinsa ya karkace, maganarsa ta yi nauyi. Likita ya bayyana mana cewa gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wurin da jini bai kai ba kuwa ya lalace. Na yi mamaki da ya ce hagu, alhali dama ce ta shanye. Sai ya ce ai hanyoyin saƙo suna gicciye da juna kafin su sauka cikin jiki, domin haka hagun ƙwaƙwalwa ita ke mulkin daman jiki. Ya ce kuma ƙafar kanta ba abin da ya taɓa ta. Naman yana nan, ƙashin yana nan, saƙo ne ba ya isowa.

Tushen abin kuwa hawan jini ne, kamar yadda ya ke ga yawancin mutanenmu. Babban binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Nijeriya da Ghana, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a wurinmu.

Bayan mako 3 aka sallame mu. Mutumin da ya shiga aji da ƙafarsa shekara 30, sai ga shi samari biyu sun ɗauko shi daga mota zuwa ɗaki.

TAUSAYI MAI ƊAURE ƘAFA

Mun ga zumunci, ban taɓa mantawa ba. 'Yan'uwa da maƙwabta suka cika gida, wannan ya kawo kunu, wancan ya kawo man shafawa. Sai dai kowa da ya shigo magana ɗaya ce a bakinsa: a bar shi ya huta. In ya yunƙura zai ɗauki moɗa, kafin ya miƙa hannu an riga an kai masa ita baki. In ya ce zai gwada tsayuwa, sai a ce, “Haba Malam, ina ka ke sauri? Kwanta tukuna.” Babbar yayarsa, wadda yara su ke kira Goggo, ta taso daga ƙauye ta tare a gidanmu, ta zama mai gadin gadonsa.

Gaskiya ne akwai lokacin hutu. An gwada a kan majinyata 2,104 a ƙasashe da dama, aka buga sakamako a 2015, aka ga cewa tayar da mutum da yawan motsa shi tun cikin awa 24 na farko ba ya amfaninsa, har ma ya kan rage masa samun sauƙi. Amma hutun kwana ɗaya ko biyu dabam ne da kwanciyar wata uku. Wanda ya daɗe a kwance, naman ƙafarsa ya kan zube, gaɓoɓinsa su sandare, agarar da ke bayan diddige ta gajarce har tafin ƙafa ya ƙi zama daidai a ƙasa. Abin baƙin ciki kuma, watanni 3 na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sababbin hanyoyi a madadin waɗanda suka lalace. Wanda ya cinye su a kan katifa ya yi hasarar damuna, ko da ya ke rani ma ba a rasa abin da a ke nomawa a fadama.

Ɗiyarmu ta fari nas ce. Ita ta tsaya kai da fata sai an kai mahaifinta sashen gashin ƙashi a babban asibitin birni, tafiyar kusan awa biyu daga garinmu.

INJIN DA A KE TAFIYA A KANSA

A can muka fara ganin injin tafiya. Shimfiɗaɗɗen bel ne baƙi, faɗinsa kamar na ƙaramar tabarma, yana juyawa a kan ƙarafa biyu kamar bel ɗin injin niƙa, sai dai a kwance ya ke, ana kuma iya sa shi ya yi tafiyar hawainiya. Akwai ƙarfen riƙewa dama da hagu. Mutum ya hau, bel yana ja baya, dole ya ɗaga ƙafa ya sa gaba. Yana tafiya, amma yana nan wuri ɗaya.

Na wannan asibiti yana da ƙari. An kafa wani dogon ƙarfe bisa kansa, da ɗamara mai kama ƙirji da ƙugu, an rataye ta da igiyoyi. Da na gan ta sai ragaya ta faɗo mini a rai, irin wadda iyayenmu su ke rataye ƙwaryar nono. Amfaninta biyu ne. Tana ɗauke wani kashi na nauyin mutum, domin ƙafa mai rauni ta iya ɗaukar sauran. Tana kuma tare shi in ya yi tuntuɓe, ba zai kai ƙasa ba.

A lokacin Malam yana iya tsayawa in an riƙe shi, yana kuma jan taku biyar ko shida, amma tsoron faɗuwa ya cika masa zuciya. Likitan gashin, saurayi ne sa'an ɗanmu, ya ɗaura masa ɗamarar ya ce, “Baba, yau na ɗauke muku kashi ɗaya cikin uku na nauyinku. Sauran naku ne.”

Malam ya dubi bel ɗin ya ce, “Ɗana, in abin nan ya gudu da ni fa?”

Ya ce, “Ga igiya nan a rigarku, Baba. Da kun ja baya kaɗan za ta fizge, injin ya tsaya nan take. Mama ma ga maɓalli ja kusa da ita.”

Sa'an nan ya zauna a kan wata 'yar kujera dab da ƙafar dama. Da bel ya soma motsi, sai ya kama ƙafar da hannuwansa biyu, ɗaya a bayan gwiwa, ɗaya a idon sawu, yana ɗaga ta, yana kai ta gaba, yana dasa diddige tukuna kafin yatsu. Wani ma'aikaci ya tsaya a baya yana riƙe da ƙugu, yana karkata nauyin jiki zuwa ƙafar da ke ƙasa. Akwai madubi a gaba domin Malam ya ga kansa ya miƙe sosai. Minti biyu suka yi aka tsaya, dukansu uku suna zufa. Aka auna jininsa, ya huta, aka sake. Ran nan sau uku aka yi.

Abin da na lura da shi ke nan. A gida, sa'ad da mu ke riƙe shi, ya kan yi gajeren taku da ƙafar hagu da sauri, domin kada ya daɗe a kan ta dama. Bel ɗin kuwa ba ya yarda da wannan wayo. Yana jan ƙafar dama baya har cinya ta miƙe sarai, daga nan sai ka ga ƙafar tana neman zabura gaba da kanta. Likitan ya ce wannan miƙewar cinya tana cikin alamun da ke sanar da laka cewa lokacin ɗaga ƙafa ya yi.

Na soma ƙirga takunsa da ƙwayar wake, kowane taku 50 in jefa ɗaya a gefen zanena. A mako na farko wake 4 ko 5 na kan samu. A mako na takwas, da ya ke yin minti 20 an kuma rage taimakon ɗamara ƙwarai, na kan ƙirga wake 20, wato taku 1,000. Ɗiyarmu ta ce wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama a 2009 masu bincike sun zauna sun ƙirga a asibitocin Amurka ta Arewa, suka tarar majinyaci ba ya wuce taku 357 a tsakaice cikin zama ɗaya na koyon tafiya. Ƙwaƙwalwa kuwa da maimaici ta ke koyo, kamar yadda turba ba ta fitowa a jeji sai an yi ta bi.

KYANWA CE MALAMA

Malam mutum ne mai son sanin asalin abu, saboda haka ɗiyarsa ta riƙa nemo masa tarihin wannan dabara tana karanta masa da dare. Tun a 1911 wani masani a Ingila, Thomas Graham Brown, ya nuna cewa lakar baya tana da ikon tsara bugun taku, hagu da dama, ko ba umarni daga ƙwaƙwalwa. A 1987 kuma Hugues Barbeau da Serge Rossignol, a birnin Montreal na Kanada, suka nuna cewa kyanwar da lakarta ta yanke tana iya sake taku da ƙafafun baya, in ana tallafe ta a kan bel mai juyawa kullum. Daga nan tunani ya zo: me zai hana a gwada wa mutane? Stefan Hesse ya gwada wa masu shanyewar ɓarin jiki a Berlin ta Jamus wajen 1994 da 1995. A 1998 aka buga gwajin mutum 100 a Kanada, inda waɗanda aka ɗauke wa nauyi, har zuwa kashi 40 cikin 100, suka fi waɗanda aka sa a kan bel da dukan nauyinsu.

Da Malam ya ji wannan sai ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin ciwon, ya ce, “Ashe bayan shekara 30 ina koyarwa, kyanwa ce malamata.”

Goggo dai abin bai ba ta dariya ba. Ranar da ta bi mu ta ga ƙanenta a rataye yana haki, sai ta juya mini baya. A mota ta ce, “Ke dai kin sa ido ana azabtar da shi kamar jakin kai. Mutum ba lafiya, a ce sai ya yi gudu?”

Na ce, “Yaya, ku yi haƙuri. Ku dube shi nan da wata guda.”

Malam ne ya raba gardamar. Ya ce, “Yaya, gajiyar nan ta fi mini daɗi da kwanciya. A kan gado ni majinyaci ne. A kan abin nan kuwa ɗalibi ne ni.”

ABIN DA INJIN BA YA IYAWA

Kada mai karatu ya ɗauka ina tallar inji ne. Sau 3 a mako mu ke zuwa birni, kuɗin mota da na asibiti suka cinye ɗan abin da muka tara, har muka sayar da tumaki biyu. Wata rana kuma mu isa a tarar an ɗauke wuta. Ran da haka ta fara faruwa raina ya ɓaci, na ce mun yi hasarar kuɗin mota. Likitan gashin ya ce, “Mama, ba a yi hasara ba. Ba injin ke warkarwa ba, takun ne.” Ya ɗaura wa Malam ɗamara mai marfi a ƙugu, ya riƙe ta ta baya, suka yi ta kai da kawowa a barandar asibiti har na ƙirga wake 12.

Maganarsa tana da shaida. A 2011 aka buga wani babban gwaji da Pamela Duncan ta jagoranta a Amurka, na mutum 408. Waɗansu an koya musu tafiya a kan inji mai ɗamara, waɗansu kuwa ma'aikacin gashi ne ya riƙa zuwa gidajensu yana sa su motsa jiki na ƙarfafa ƙafa da na daidaita tsayuwa, kowane rukuni zama 36. Bayan shekara guda, kashi 52 cikin 100 na dukansu sun ci gaba a tafiya, ba kuwa rukunin da ya fi wani. Jiri ma ya fi damun 'yan inji. A 2017 kuma masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 56 na mutum 3,105. Suka ga injin bai fi sauran hanyoyin gashi mai da mutum mai tafiya da kansa ba. Abin da ya ke ƙarawa shi ne sauri da juriya, kamar mita 4 a kowane minti, da wajen mita 14 a tafiyar minti 6. Waɗanda suka riga suka soma takawa da kansu su suka fi cin moriyarsa.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. A Ostareliya an sa mutane a kan injin har wata 4, tafiyarsu ta ƙaru sosai. Da aka daina, aka sake auna su a cikar shekara, sai aka tarar ribar ta zube. An buga wannan a 2013. Ashe tafiya kamar wutar murhu ce, in an daina iza ta sai ta mutu.

Wannan labari ya kamata ya kwantar da hankalin iyalin da ba su da inji kusa, gama ba kowane asibiti ke da shi ba, mai ɗamara kuwa ya fi wuyar samu. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne ƙwararren mai gashi da zai duba majinyaci ya tsara masa aiki, da iyalin da za su tsaya a yi aikin kowace rana. Bel ma ba shi da rami, ba shi da yashi, ba kaza da za ta gitta gabanka. Wanda ya iya tafiya a kansa sai ya sake koyon ta ƙasa.

TSAKAR GIDA TA ZAMA MAKARANTA

Bayan mako 12 muka daina zuwa birni sai sau ɗaya a wata. Likitan ya koya mana awo mai sauƙi. Muka ari tef na tela, muka auna mita 10 a tsakar gida daga bakin rumbu zuwa gindin lemo, muka ja layi da gawayi. Kowace Asabar autanmu ya kan riƙe agogo, Malam ya taka da irin saurin da ya saba. Masana sun kasa abin kashi uku. Wanda ya ke cin fiye da daƙiƙa 25 a mita 10, tafiyarsa ta cikin gida ce. Daga 25 zuwa wajen 13, ya iya zaga unguwa. Wanda ya sauko ƙasa da haka ya iya shiga gari da kasuwa. Ranar farko Malam ya ci daƙiƙa 31. Auta ya rubuta a bayan kalanda.

Ga abubuwan da muka kiyaye, ko za su amfani wani. Safe da yamma a ke tafiya, lokacin da rana ba ta da zafi, gajeru da yawa sun fi doguwa ɗaya mai kayar da mutum. Mai rakiya ya kan tsaya a ɓangaren da ya shanye, ɗan baya kaɗan, ya riƙe ɗamarar ƙugu. Ba a jan hannun da ya saki ko kaɗan, gama kafaɗar ba ta da ƙarfin riƙe kanta, tana iya gocewa. Silifa ba ta da wuri, sai takalmi mai kama diddige. Da ya ke yatsun Malam suna jan ƙasa, an yi masa wani abin roba mai tallafe tafin ƙafa zuwa ƙwauri, yana sa shi cikin takalmi. Muka kawar da tabarmi da igiyar shanya da turmi daga hanya. Tashi daga kujera da komawa sau 10 yana cikin aikin kowace safiya. Maganin hawan jini ba a fasa shi ko rana ɗaya, gishiri kuma muka rage a miyar gida duka, domin wanda ciwon ya taɓa yana cikin hatsarin na biyu. In jiri ya zo, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, a zauna nan da nan. In baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, ba jiran gobe, sai asibiti.

Ina kuma roƙon masu hali, kada ɗa ya sayo injin motsa jiki daga kasuwa ya ɗora mahaifinsa a kai don ƙauna, ba tare da mai gashi ya gani ya yarda ba. Yawancin irin waɗannan ba su da ɗamara, waɗansu kuma saurinsu na farko ya fi ƙarfin majinyaci.

Malam ya faɗi sau biyu a shekarar farko, sau ɗaya a bakin ƙofa, sau ɗaya a bayan gida. Bai karye ba. Bayan ta biyun ya yi kwana 4 ya ƙi fita. Abin mamaki, Goggo ce ta shiga ɗakin ta ɗauko sandarsa ta miƙa masa, ta ce, “Tashi. Ni na goye ka, na ga faɗuwarka tun ba ka da haƙori. Ba a kanta ka tsaya ba.” Tun daga ran nan har ta koma ƙauye ita ke raka shi tafiyar yamma, tsohuwa da ƙanenta, suna tafe suna faɗa a kan gonar gado.

INDA MU KE YAU

Ba zan ce ya koma kamar da ba. Hannun dama bai dawo sosai ba, da hagu ya koyi rubutu. Yana ɗingishi, ba ya rabuwa da sanda in zai fita, keken da ya hau shekara da shekaru kuwa mun ba ɗan ƙanensa. Amma lambar bayan kalanda ta sauko daga 31 zuwa 14. Yana shiga wanka da kansa. Yana zuwa gaisuwar makoki da ta suna a unguwa. Da la'asar ya kan tsallake titi zuwa benci a ƙofar shagon tela, inda tsofaffin abokansa su ke zama, ni kuwa na daina leƙensa ta katanga.

Ya ku masu jinya, na san gajiyarku, na san kuma yadda zuciya ta ke tsinkewa in ka ga naka yana tangaɗi. Yi masa abu ya fi sauƙi da tsayawa kallonsa yana fama. Amma duk abin da kuka yi masa wanda zai iya yi da kansa, kun rage masa darasin ranar. Ku nemi mai gashi tun da wuri. In akwai inji kusa, aka kuma ce ya dace da shi, ku yi amfani da shi da murna. In babu, ga baranda, ga tsakar gida, ga hanyar rijiya. Ku auna mita 10, ku sami mai riƙe agogo, ku tanadi wakenku. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Sai dai fa a tashi tukuna.